"Kawo Take Uku": Inda Kundin Digiri Ke Fara Lalacewa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon kwamfuta a bakin ƙofar jami'a ya san kakar furojet kamar yadda manomi ya san kakar gero. Janareta ba ya hutawa, takarda na ƙarewa kafin azahar, ɗalibai sun cika benci kowa riƙe da filashi, ido ya yi ja saboda rashin barci. Na shafe shekaru ina wannan sana'a kafin ni ma in koma aji in yi nawa digirin da karatun ƙarshen mako, saboda haka na ga kundin digiri ta fuska biyu, ta mai bugawa da ta mai rubutawa.

Akwai wani aiki da na yi wa wani ɗalibi wanda har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya. Ya kawo kundin da wani ya rubuta a wata jiha, ya ce in cire sunan ƙaramar hukumar da ke ciki in sa sunan tasu, in canza shekara, in canza sunan sufabaiza. Ban ɗauki minti talatin ba na gama. Alƙaluman babi na huɗu ba a taɓa ko ɗaya ba: mutanen da aka ce an yi wa tambayoyi a can su ne suka koma mutanen nan. Ya biya ni, ya yi godiya, aka ɗaure kundin da bango mai kauri, aka rubuta sunansa da ruwan zinare. Da hannuna a cikin wannan ha'inci, kuma ba sau ɗaya ba. Na daina karɓar irin wannan aiki, amma dainawar mutum ɗaya ba ta rufe kasuwa, don shago na gaba yana buɗe.

An sha zagin ɗalibai a kan wannan, a ce ragwaye ne, ba sa son karatu, kwalin kawai suke nema. Akwai irin waɗannan, ban musa ba. Amma abin da na gani da idona shi ne mafi yawansu sun shiga shekarar ƙarshe da niyyar yin aikinsu da kansu. Wurin da ake karya musu gwiwa sananne ne, kuma da wuri yake zuwa: ranar da aka manna sanarwa a allon sashe cewa kowa ya kawo take uku cikin mako biyu.

Take ake nema, ba tambaya ba. Yaron da ya yi shekara uku yana haddace abin da malami ya karanto masa, ba a taɓa ce masa "me ke ɗaure maka kai a unguwarku?" ba, yau an ce ya kawo take. Ina zai samo shi? Sai ya shiga intanet, inda shafukan masu sayar da kundi suka jera dubban take, kowanne da farashinsa, babi na ɗaya kyauta ne don a ja hankalinsa. Ko ya shiga laburaren sashe ya duba bangon kundayen bara. Ya zaɓo uku masu cika baki: tasirin talauci ga ilimin 'ya'ya mata a Arewacin Nijeriya, rawar da bankuna ke takawa wajen bunƙasa tattalin arzikin ƙasa, illar kafafen sada zumunta ga tarbiyyar matasa. Sufabaiza ya ja layi a ƙarƙashin ɗaya ya sa hannu. Daga wannan rana an riga an ɗora wa yaron kayan da ba zai iya ɗauka ba. Arewacin Nijeriya jiha 19 ce. Shi kuwa wata huɗu ne a hannunsa, yana da sauran kwasa-kwasai da jarrabawa, kuɗin motar zuwa ƙauyen da ke kusa ma sai ya yi dabara. Ba shi da hanyar da zai amsa wannan take da gaskiya, kuma shi ma ya san haka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ke nan da masu sayar da kundi ke shigowa ta cikinta.

Ra'ayina shi ne a daina neman take a farko. A nemi ɗalibi ya zo da tambaya ɗaya, ƙarama, wadda ƙafarsa za ta iya kai shi inda amsarta take.

Tambayoyi irin waɗannan sun cika mana gari, takawa muke muna wucewa. A watan Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano. Ina masu wannan sana'a suka nufa? Nawa ne suka samu adaidaita sahu, nawa suka koma gida, nawa suka bar jihar? Ɗalibin nazarin zamantakewa zai iya zama a tashar adaidaita ɗaya, ya nemo tsofaffin 'yan acaɓa ashirin, ya ji labarinsu. A 2016 tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Ɗalibin aikin gona ɗan Kura ko Kadawa zai iya tambayar manoman ƙauyensu abin da suka canza tun daga lokacin: iri, magani, ko lokacin dashe. A farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Yaya 'yan kasuwar hatsi ta Dawanau suka yi ciniki a waɗannan makonni, su da suka saba da tsabar kuɗi a buhu? Wa ya ba wa wa bashi, bisa wane sharaɗi? Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a samu a shafin masu sayar da kundi, don ba a riga an rubuta ba. Wanda ya ɗauki irin wannan tambaya ko yana so ya yi sata ba zai sami abin sata ba, dole ya fita.

Bari in ɗauki guda in bi ta daki-daki, don a ga yadda tambaya ke tsara wa mutum aikinsa da kanta. A ce ɗalibin tattalin arziki ya lura cewa a unguwarsu kowa ruwan 'yan ga-ruwa yake saye, kuma kuɗin jarka na hawa da sauka. Tambayarsa: me ke sa farashin jarka ya canza a wannan unguwa tsakanin damina da bazara? Da ya rubuta wannan jimla, ya san waɗanda zai gani: masu rijiyar burtsatse da ke sayar da ruwan, masu tura kura, da matan gida masu saye. Ya san abin da zai ƙirga: kuɗin cika kura a bakin burtsatse, kuɗin hayar kurar a rana, kuɗin man janareta idan babu wuta, nisan gida daga wurin ɗiba. Ya san abin da zai karanta, wato abin da aka rubuta kan masu sayar da ruwa a biranen Afirka, ba duk abin da aka taɓa faɗa kan tattalin arziki ba. Ya san ma abin da ba zai iya ba: idan watanninsa ba su haɗa damina da bazara ba, sai ya dogara da abin da mutane suka tuna, kuma ya faɗi haka ƙarara a cikin kundin. Littafin rubutu guda da biro da wayar hannu sun ishe shi. A ƙarshe zai fito da abin da ko jami'in hukumar ruwa zai ƙaru da shi.

Sai batun lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka muke yi wa furojet. Kwas ɗin dabarun bincike yawanci a aji uku ake yin sa, kuma a wurare da yawa haddar ma'anoni ce: mene ne hasashe, mene ne samfuri, kawo ire-iren bincike biyar. Ɗalibi ya ci jarrabawar ba tare da ya taɓa yin hira da mutum ɗaya ya rubuta abin da ya ji ba. Ga kuma yajin aiki da ya dagula kalandar karatu. Na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ɗauki kimanin wata tara, na 2022 ya fara a watan Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba. Bayan kowanne an matse zangon karatu don a cike giɓi, kuma abin da aka fi matsewa shi ne lokacin furojet, tunda shi ba shi da awa a jadawalin lakca. Da za a sa ɗalibi tun yana aji biyu ya rubuta shafi biyar kan abin da ya gano da kansa, a aji uku ya rubuta goma, da ya isa shekarar ƙarshe hannunsa ya faɗa.

Babi na biyu, bitar ayyukan magabata, shi ne ya fi ba ni takaici, don a nan ne muka yi watsi da gadonmu. Na buga ɗaruruwan irinsa. Sakin layi bayan sakin layi, wane ya ce kaza a shekara kaza, wane ma ya ce kaza, ba a haɗa maganar wani da ta wani ba, ba a ce wannan ya saɓa wa wancan ba, ba a ji muryar mai kundin ko sau ɗaya ba. Idan ka tambayi ɗalibin ko ya taɓa riƙe ɗaya daga cikin littattafan da ya jera a ƙarshe, sai ya sunkuyar da kai. Daga wani kundin ya kwaso su, shi ma wancan daga wani, har kuskuren rubuta sunan marubuci ana gadonsa daga shekara zuwa shekara.

Alhali mu mutane ne da suka san darajar isnadi tun kafin a kafa jami'a ko ɗaya a ƙasar nan. An ruwaito Abdullahi ɗan Mubarak yana cewa isnadi yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta don kawai ya ambaci malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowannensu. Har gobe almajirin zaure idan ya kawo magana za a ce masa "a wane littafi ka gani, wa ya biya maka?" Ɗalibin da zai ji kunyar jingina wa malamin hadisi abin da bai faɗa ba, shi ne zai jera sunayen marubuta arba'in da bai karanta ba, bai ji komai a ransa ba, saboda an koya masa tsarin APA na ambaton madogara a matsayin wurin sa waƙafi da baka, ba a gaya masa cewa amana ce iri ɗaya da waccan ba. Da malaman dabarun bincike za su fara darasin madogara daga isnadi, na tabbata da yawa za su gane shi a zama ɗaya.

Kuma ambaton madogara rabin aiki ne, sauran rabin auna ta. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ya yi suna a kan wannan. Ko bayanan Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Katsina da Kano a 1851, bai karɓe su ido rufe ba, sai da ya bi diddigin su wa Barth ya zauna da su, me ya gani da idonsa, me aka ba shi labari. Wannan tambaya ce ya kamata ɗalibi ya yi wa duk abin da ya ci karo da shi a intanet: wa ya rubuta, ta yaya ya sani?

Ba rashin abin karantawa ke damun ɗalibin yau ba. Da wayarsa zai buɗe Google Scholar, zai shiga AJOL inda aka tara mujallun ilimi na Afirka, da yawa kyauta. Mai nazarin tarihi ko harshe ko siyasa yana da Gidan Arewa a Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, yana da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a nan Kaduna ɗin, inda fayilolin lardunan Kano da Sakkwato da Zariya na zamanin Turawa suke, har da rahotannin ƙidayar haraji na gundumomi. Akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ɗalibai nawa ne aka taɓa ɗauka aka kai su ɗaya daga cikin waɗannan wurare kafin su kai shekarar ƙarshe? Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuwa, babi na biyu ya ƙara sauƙin ƙirƙira da wahalar ganewa. Na'urar kan tsara Turanci mai santsi, wani lokaci kuma ta ƙago sunan marubuci da mujalla da shekara waɗanda babu su a duniya. Turnitin, manhajar gano satar rubutu, na kama abin da aka kwafo daga rubutun da ke akwai, amma ba zai gaya maka ko ɗalibi ya je kasuwar da ya ce ya je ba. Abin da ke gaya maka wannan shi ne ka zaunar da shi minti goma ka ce ya ba ka labarin ranar farko da ya je.

Babi na uku da na huɗu kuwa, wato na dabarun bincike da na sakamako, a nan ƙarya ke sa rigar lissafi. Akwai wata ƙa'idar fitar da samfuri ta Taro Yamane da kusan kowane kundi ke ambata. Idan jama'ar da ake nazari sun kai dubu ɗari, tana ba da 398, idan sun fi haka ta tsaya dab da 400. Shi ya sa za ka ga kundi bayan kundi na cewa an raba takardun tambayoyi 400, an dawo da 380 da wani abu. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin abincin dare, ina ya sami kuɗin fotokwafin takarda 400, balle ya bi mutum 400? Abin da ke faruwa kowa ya sani. A buga hamsin, a zauna a ɗakin kwana da abokai a cike, ko kuma a tsallake wannan ma, a ba mai SPSS, manhajar lissafin alƙaluma, kuɗi ya ƙago alƙaluman da za su ba da sakamakon da ake so. Ko waɗanda suka fita da gaske, sau da yawa da Turanci aka rubuta tambayoyin, aka miƙa wa manomi ko mai ƙosai, aka ce ya zaɓa tsakanin "na yarda ƙwarai" da "ban yarda ba sam" a kan jimlar da bai gane ba.

Wannan ya fi satar babi na biyu muni, domin darasi ne da ke bin mutum har wurin aiki. Wanda ya koya a jami'a cewa ana iya zama a ɗaki a ƙago adadi kuma a sami maki mai kyau, gobe shi ne jami'in da za a tura ya ƙirga yaran da aka yi wa rigakafi, ko buhunan takin da aka raba, ko 'yan makarantar da ke cin abinci. Hira ashirin ta gaskiya, da Hausa, da izinin masu maganar, an naɗa a waya an rubuta, ta fi takarda 400 na bogi nesa ba kusa ba. Ya kamata sassa su faɗi haka a fili, su kuma ba da maki a kansa, don ɗalibi na bin inda maki yake ne.

Ban ɗora wa malamai laifin duka ba. Na san malamin da aka ba ɗalibai fiye da talatin a shekara guda, ga lakca, ga takardun jarrabawa, ga nasa binciken da ƙarin girmansa ya dogara a kai, ga albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata. Ba zai iya karanta kowane babi da natsuwa ba, sai ya koma duba tazarar layi da girman harafi. Akwai kuma waɗanda suka mai da sa hannu abin ciniki, da waɗanda ke wahalar da ɗalibai mata ta hanyar da ba ta faɗuwa, waɗannan hukunci ya kamace su. Amma ko malamin kirki ya fi samun sauƙi da ƙaramin kundi. Shafi 25 da ɗalibi ya rubuta da kansa ana karanta shi a zama ɗaya. Shafi 80 da aka cika da kwashe-kwashe ba mai karanta shi, har da wanda sunansa ke bango.

Wasu na cewa tunda abin ya lalace haka, a soke furojet a digirin farko, a maye gurbinsa da kwasa-kwasai. Na fahimci takaicinsu, amma ban bi su ba. A duk shekarun jami'a, wannan ne kaɗai lokacin da ake ce wa ɗalibi ya gano abin da malaminsa bai sani ba. Idan aka cire shi, an cire wuri ɗaya tilo da yake koyon cewa ilimi abu ne da mutane ke samarwa, kuma shi ma yana cikin mutanen. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar cewa sai ɗalibi ya ajiye kundinsa a rumbun ƙasa na intanet da ake kira NERD kafin a kira shi bautar ƙasa. Mataki ne mai kyau, don kundin da ke fili ya fi wuyar sata fiye da wanda ke jibge a sito gara na ci. Sai dai rumbu abin da aka zuba masa yake ajiyewa. Idan ba a gyara ranar "kawo take uku" ba, kundayen da aka ƙaga za mu tara, wannan karon da lamba.

A shekarata ta ƙarshe a shagon wata ɗaliba ta zo da littafin rubutu mai bangon kwali, duk gefensa ya yi baƙi saboda riƙo. Adashin matan layinsu ta bi na wata uku: su nawa ne, nawa ake zubi, wa ke riƙe kuɗin, me kowace ta yi da kwasarta, me ake yi idan wata ta kasa zubi. Ta fara rubuta komai da Hausa kamar yadda aka faɗa mata, sannan ta mayar da Turanci, Turancin kuma ba mai ado ba ne. Sufabaizanta ya so ta ƙara shafuka, ta zauna kusa da ni tana ƙirga su da damuwa, don ba su kai hamsin ba. Ina cikin bugawa na tsinci kaina ina tambayarta abin da ya faru da matar da mijinta ya karɓe kwasarta, ta ba ni amsa ba tare da ta duba takarda ba. Da aka gama ɗaurewa ta sa na ƙara kwafi ɗaya a kan waɗanda sashe ya nema, ta ce na uwar adashin ne, ta yi mata alkawari za ta karanta mata shi da Hausa.